Yadda Tudu Ta Cinye Lambobin Gidanmu

Ni ce na haɗa gidanmu na Nima da shagon Baba na Tudu, kuma har yau in hanya ta bi da ni ta gaban shagon nan sai in kau da kai. Haɗa na'urori shi ne sana'ata. Ina jan kebul, ina saita rauta, akwatin nan da ke raba intanet, ina sa ofishin da ke Adabraka ya yi magana da reshensa na Kumasi kamar a ɗaki ɗaya suke. Na yi wa makarantu, na yi wa 'yan kasuwa, na yi wa mutanen da ko fuskata ba su riƙe ba, kuma babu wanda ya taɓa dawo mini da aiki. Na gidanmu ne kaɗai aka ce na kasa, shi ne kuma wanda na fi zuba raina a ciki.

Baba daga wajen Tawa ya zo Ankara, kamar yadda tsofaffinmu suke kiran Accra, yana saurayi. Dako ya fara a tashar Tudu, daga baya ya samu tebur, daga tebur ya samu shago. Darduma yake sayarwa da tabarmar roba da bargo da butoci da akwatuna. Amma ba kayan ne suka sa aka san shi ba, bencin ƙofar shagon ne. Duk baƙon da ya sauko daga motar arewa bai san kowa ba, can ake nuna masa. Ya zauna, a ba shi ruwa, ya ajiye kayansa a ɗakin baya, Baba ya tambaye shi garinsu da sunan ubansa, kafin la'asar an samo masa ɗan garinsu a Nima ko Maamobi. Shi ma haka aka yi masa da ya zo, kuma bai taɓa ɗaukar abin a matsayin alheri ba. A wurinsa aikin shago ne, kamar share ƙofa da safe.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Bakinsa ya dawo, kansa garau, hannu da ƙafa ne suka ƙi. Gidanmu kuwa can cikin lungu yake, inda mota ba ta shiga, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkata. Duk ranar asibiti sai an goya shi an tsallake kwatoci da shi har bakin titi, mata masu koko suna yi masa sannu, kowa yana kallo. Ya jure wannan saboda likita. Amma ya ce Tudu ba za ta gan shi a bayan wani ba, kuma Baba in ya faɗi magana ta zauna. Yayana, babban ɗansa, ya karɓi shagon. Ƙaninmu yana riƙe da sito a Maamobi. Baba ya rage a gado yana kallon silin, mutumin da tun kafin a haife ni bai taɓa wuni a gida ba sai ranar salla.

Ba ya ƙorafi. Abinci ne kawai yake fitowa daga ɗakin kamar yadda aka shigar da shi. Wata rana Mma, mahaifiyarmu, ta fito da kwanon tuwo ko taɓa shi bai yi ba, ta ajiye a gabana ta ce, "Ba tuwo yake so ba. Shagon nan yake so." Na ce to, in shi ba zai je ba, ni zan kawo masa shagon har gado.

Kyamarori dama akwai su a shagon saboda ɓarayi, akwai a sito ma. Abin da ya rage shi ne in haɗa wuraren uku da VPN. Ga wanda bai sani ba, VPN hanya ce rufaffiya da ake bi ta cikin intanet, kamar ƙofar da wa da ƙani suke hudawa a katangar tsakanin gidajensu, iyali su riƙa shige da fice ba tare da sun fita titi ba. Sai dai kafin a huda ƙofar dole a raba lambobi. Kowace na'ura, waya ce ko kyamara ko kwamfuta, tana da lambarta, kuma kowane wuri dole ya samu nasa yankin lambobin, wanda muke kira sabnet. In yankin gida da na shago suka hau kan juna, saƙo ba zai san ya tsallaka ba, sai ya yi ta neman mai lambar a nan inda yake.

Don in sa shi cikin abin, sai na zauna a bakin gadonsa da bayan kwali da biro ina zana masa. Na ce zan ba Tudu lambobi ɗari biyu da hamsin da shida, in bar fili, in ba gida nasa, in sake barin fili, sannan in ba Maamobi. Lambobin nan ba saye ake yi ba, ko dubu nawa kake so sai ka ɗiba.

"Na'ura nawa ce a Tudu, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ba su kai ashirin ba, Baba."

"To sauran ɗari biyu da wani abu fa?"

"Suna nan babu kowa. Saboda gaba."

Ya dube ni kamar na ce zan bar ƙofar shago a buɗe in tafi Kumasi. "A Nima aka haife ki kuwa? Wa kika taɓa gani ya bar fili? Ki bar taku biyu yau, gobe ki tarar wani ya kafa katako ya ɗora kwano, jibi ya ce kakansa ne ya bar masa."

Na yi dariya, na ce wannan filin babu mai ganinsa balle ya kafa katako. Shi bai yi dariya ba. Ya ce mu gida ɗaya ne, a ɗauki ɗari biyu da hamsin da shidan nan guda ɗaya a raba huɗu daidai, yadda yake raba naman layya, kada yayana ya ce an fi son ƙaninmu, kada ƙaninmu ya ce an fi son yaya. Tudu kashi, gida kashi, Maamobi kashi. Na huɗun na baƙi ne, don duk wanda ya zauna a benci ya samu intanet kyauta ya kira gida ya ce ya sauka lafiya. Sannan ya ɗora yatsansa mai lafiya a kan kwalin.

"Ni ki sa ni jikin Tudu, bango da bango. Kada ki sa komai a tsakaninmu."

Duk wanda ya koyi aikin nan zai gaya maka ba haka ake yi ba, ana barin wa kowane wuri inda zai miƙe ƙafa. Amma rabon yana aiki, sittin da huɗu kowanne, ya ishi kowa a lokacin. Makullan shiga rautocin duka kuma, wato kalmominsu na sirri, a hannuna suke, in Tudu ta cika zan sake rabon a yamma ɗaya. Ranar ce kuma karon farko tun faɗuwarsa da na ji ya ba da umarni da muryarsa ta da. Na yi yadda ya ce.

Na kafa masa talabijin a bangon da ke kallon gado. A gefen hannunsa na dama na ajiye wayar tebur, in ya danna maɓalli ɗaya sai ta yi ƙara a shago, babu neman lamba, babu sa kati. Da na kunna sai ga Tudu ta shigo ɗakin: kayayo, mata 'yan dako, suna wucewa da manyan kwanoni a ka, wata trotro, motar haya, ta tsaya a inda bai kamata ba, ga benci da mutum biyu a kai. Baba ya zuba wa hoton ido. Na zaci kuka zai yi. Sai ya miƙa hannu ya danna maɓallin.

"Wa ya jingina tabarmin nan a rana?"

Ran nan kwanon tuwo ya fito wayam, har da neman ƙarin miya.

Watannin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar su ba. Da asuba in an idar da salla sai ya ce a kunna masa, ya ga an buɗe shago, ya ga wa ya makara. Baƙi suka gane Baba yana ganinsu. Wani dattijo ɗan Maraɗi da yake zuwa sarin bargo, in ya iso sai ya cire takalmi a ƙofar shagon, ya durƙusa a ƙarƙashin kyamarar ya ɗaga hannu, sannan a miƙa masa wayar su gaisa har su tambayi damina da dabbobi. Masu zuwa dubiya kuwa sun shiga uku, babu mai fita sai ya kalli Tudu. Akwai dangin da lokacin da zan tafi karatun nan suka zo har gida suka ce mace ba ta hawa tsani da kebul a kafaɗa, ya kore su da magana ɗaya, ya ce 'yarsa ce ba tasu ba. Yanzu in ɗayansu ya shigo sai ya nuna masa bangon da haɓa. "Aikin Uwata ne. Ga shi nan, sai ka ce wani abu."

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, ya sha wuya. Mutum da furfura a gemu, 'ya'yansa a sakandare, yana tsakiyar ciniki sai wayar ta ɗauki ƙara. Tashi ka ba malamin nan kujera. Me ya sa ka rufe ɗakin baya? Wancan da ya tsaya da jaka tun ɗazu, ka tambaye shi daga ina yake? Ma'aikatan shago suna sunkuyar da kai suna danne dariya. Shi kuma ya daɗe yana son ya rage bargo da buta ya shiga kayan waya, caja da batir da gilashin fuska, inda kasuwa ta koma, kuma ɗakin baya yake so ya zuba su. Na san duk wannan. Amma a gidanmu ba a cewa Baba a'a. Sai dai a ce to, a ajiye waya, a yi tsaki. Da Yaya ya zo ya zauna a gabansa ya faɗi abin da ke cikinsa, su yi faɗan su gama, da ban riƙe shi a raina ba har yau.

Bai yi haka ba. Ya jira na samu aiki a Kumasi na tafi. Ina can ya kama shagon da ke jikin namu, ya fasa bangon, ya ƙara kyamarori da injinan karɓar kuɗi da ma'aikata, kowa da wayarsa a kan netwok. Lambobin Tudu suka ƙare. Bai kira ni ba, ya kira wani daga Adabraka.

Na dawo na tarar da talabijin ɗin baƙi ƙirin, Baba yana kallonsa duk da haka. Wayar tebur ba ta shiga. Na duba rautar gida, fitilar VPN tana nan kore shar, wato ƙofar a buɗe take. Na aika saƙon gwaji zuwa kyamarar Tudu, ya tafi, amsa ba ta dawo ba. Na gwada Maamobi, lafiya lau. Tun a nan jikina ya ba ni. Na gwada shiga rautar Tudu daga nesa, ta ce makullina ba daidai ba ne.

Mutumin Adabrakan na san shi, mun taɓa aiki tare. Na kira shi, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ya ga rabona, ya ga Tudu ta cika, ya gaya wa Yaya hanya biyu ce. Ko a ɗebo sababbin lambobi daga wani wuri, ko a faɗaɗa yankin Tudu ya ninka, sai dai in an ninka zai haɗiye sittin da huɗun da ke jikinsa, kuma ya ga kamar da mai su.

"Na tambaye shi na wane ne," in ji shi. "Ya ce na gida ne kawai, talabijin ɗin tsoho. Sai ya tambaye ni, in an ɗebo sababbi, gida zai ci gaba da gani? Na ce ƙwarai. Ya ce to a ninka."

Abin da ya faru ke nan. Yanzu duk na'urar da ke Tudu ta ɗauka lambobin ɗakin Baba nata ne na cikin shago. In talabijin ɗinsa ya nemi hoto, kyamarar tana ji, sai ta waiga tana neman mai tambayar a cikin shagon, ba ta same shi ba, ta yi shiru. Gyaran kuwa ba wani abu ba ne. Na sauya wa gida lambobi a ranar, na kai shi can nesa inda babu mai taɓa shi. Saura a gaya wa rautar Tudu cewa sababbin lambobin nan suna bayan ƙofa, layi ɗaya tal. Na roƙi mutumin makullin, ya ce ba nasa ba ne da zai bayar, na mai shago ne. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka zan yi.

Na hau trotro na tafi Tudu. Tun daga nesa na ga babu benci. Akwatin gilashi ne a wurin, cike da caja. Ɗakin baya an sa masa ƙofar ƙarfe, intanet ɗin baƙi an kashe shi, rautar kuma an sa ta a keji da kwaɗo, sai ka ce ni ɓarauniya ce. Yaya yana zaune a kujerar Baba.

"Yaya, makullin rauta nake so. Ba zan taɓa maka komai ba."

"An riga an gyara. Ki bar shi haka."

"Baba ba ya gani."

"Baba yana bukatar hutu. Likita ma ya faɗa."

Ni ba mai haƙuri ba ce, duk Nima ta sani, amma ran nan na yi magana a hankali. Na ce a cire wayar, a bar masa hoto kawai, ba zai ƙara kiransa a gaban mutane ba. Ya ce a'a. Na ce to kyamara ɗaya, wadda ke kallon titi. Ya ce in Baba ya ga titi zai nemi benci. Na ce to ai gaskiya ce, ina bencin? Ya ce in rage murya, nan wurin ciniki ne, ba tsakar gida ba.

Ranar Juma'a ya zo gaida Baba da lemo da ayaba a leda, ya durƙusa a bakin gado kamar ɗan kirki. Baba ya tambaye shi me ya samu hoton.

"Netwok ne, Baba. Tun farko aikin ba a yi shi da ƙarfi ba. Na kawo ƙwararre ya duba, ya ce sai a hankali."

Ina tsaye a bakin ƙofa da butar alwala a hannu. Na buɗe baki, sai na ji yatsun Mma a wuyan hannuna, ta matse har sai da na ji zafi. Ta ja ni tsakar gida.

"In kika gaya masa ɗansa ne ya rufe masa ƙofa, me kike so ya yi? Ya tashi ya je? Jininsa ne zai hau. Ki kashe mini miji don ki wanke sunanki?"

"Mma, ƙarya yake yi mini a gabana."

"Na ji. Ba kurma ba ce ni. Ke ƙanwa ce, ba ki ƙaryata yayanki a gaban ubanku. Kuma in an gyara ya ga babu benci fa?"

Ashe ta sani. Unguwa duka ta sani, masu zuwa dubiya sun sani, kowa ya shigo ya kalli baƙin talabijin ya ce Allah ya kyauta, netwok ɗin ƙasar nan sai addu'a. Wasu har da juyowa su ba ni shawara, in kira kamfani, in sauya kebul. Ɗaya daga cikin dangin nan masu maganar hawa tsani ya ce shi dama ya faɗa. Na haɗiye. Wallahi ban san cikin mutum yana ɗaukar abu haka ba.

Kullum da safe kafin in fita aiki sai ya kira ni. "Uwata, yau fa?" Sai in durƙusa a gaban rautar in taɓa wannan in taɓa wancan. Idonsa bai mutu ba, ya ce ai ga fitilar nan kore. Na ce hanya a buɗe take, Baba, amsa ce ba ta dawowa. Wannan kam gaskiya na gaya masa. Na sa masa kyamarar Maamobi don ya samu abin kallo. Dilolin bargo ne jibge har rufi, da ƙaninmu yana danna waya. Ya kalla kwana kaɗan ya ce in kashe, babu mutane a ciki. Na yi tunanin in je Tudu in tsaya a tsallaken titi in nuna masa ta wayata, sai na tuna abin da zai fara nema da ido, na fasa.

Na koma wurin Yaya ba sau ɗaya ba. Na ƙarshen har durƙusawa na yi, ni da tun ina yarinya ake dukana a kan taurin gwiwa. Na gaya masa kwanon tuwo ya koma fitowa a cike. Ya kau da kai ya ce ciwon ne, ba talabijin ba, kuma in daina sa shi ya ji kamar mugu. Na ce ban sa ka ba. Muka rabu a haka.

Wata la'asar ina durƙushe a gaban rautar kamar kullum, sai Baba ya ce in zo. Na zauna a bakin gado. Ya rame sosai a lokacin, muryar ma ta koma ciki. Ya ɗora hannunsa na dama a kaina.

"Bar shi haka, Uwata. Kin yi ƙoƙari. Aikin ne ya fi ƙarfinki." Ya numfasa. "Sun faɗa mini tun farko, ni ne na ƙi ji, na tura ki abin da ba naki ba. Ba laifinki ba ne. Kada ki sa a ranki."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Mutumin da ya kori dangi saboda ni, yau shi ne yake ba ni haƙuri a kan na kasa, yana neman ya rage mini kunya. Maganar tana nan a bakina, ta zo har haƙori. Na ɗaga ido na ga Mma a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta shara, ni take kallo. Na ce, "To, Baba." Daga ranar bai ƙara tambayata ba, ya sa aka rufe talabijin ɗin da tsohon zane saboda ƙura.

Da damina ya rasu, ana ruwan nan da yake cika kwatocin Nima har su shigo gidaje. Lungunmu bai ɗauki jama'a ba, har titi aka yi sahu. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa zuwa suna cewa a bencinsa suka fara zama a garin nan. Dattijon Maraɗi ya zo, ya ce ya je shago sau biyu bai ga inda zai durƙusa ba, ya ɗauka jikin ne ya yi tsanani. Yaya ne a gaban makara yana kuka, kuma kukan gaske ne, ban ce na ƙarya ba ne. Ni dai ban iya zuwa kusa da shi ba.

Bayan addu'ar arba'in, ko rumfunan ba a gama kwashewa ba, Yaya ya same mu a tsakar gida. Ya ce ɗakin Baba ba ya yoyo, ga shi a cikin gida, zai zuba kayan waya a ciki, masu tsadar. Yana son a sa kyamara, ya riƙa gani daga Tudu.

"Mutumin Adabrakan nan yana da tsada. Ke da kike gida, ki haɗa mana."

Kafin in ce komai wayata ta yi ƙara. Makullin rautar ne ya turo, babu ko sallama a saƙon. Na so in ce ba zan yi ba, na so in faɗi abubuwa da yawa. Bayan ya fita Mma ta ce in yi, ita ce za ta riƙa kwana da kayan a gida, in ɓarayi sun zo ita za su tarar.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin da kwamfutata. An cire zanen gado, katifar ce kawai da wayar tebur a inda take. Mma ta ce bari ta ɗora mana ruwan shayi. Na zauna a ƙasa, na shiga rautar Tudu, na rubuta layin nan ɗaya. Na aika saƙon gwaji, amsa ta dawo. Na tashi na yaye zanen da ke kan talabijin na kunna, sai ga Tudu a bango, kayayo da trotro da akwatin gilashi, hoto tas kamar ranar farko. Na leƙa waje, ruwan bai ma tafasa ba.

Mma ta shigo da kofuna a tire, ta tsaya.

"Har kin gama?"

"Na gama."

"Iyakar abin ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, Mma."

Ta ajiye tiren a kan katifa, ta zauna a gefe, a daidai inda nake zama in ya kira ni. Muka yi ta kallo. Can sai ga wani mutum ya tsaya a ƙofar shagon da jaka a kafaɗa da buhu a hannu, rigarsa duk ta yamutse irin ta wanda ya kwana a mota. Yana duba dama yana duba hagu, yana duba akwatin gilashin, ya ja baya ya kalli saman shagon ya sake matsowa. Babu wanda ya fito.

Mma ta miƙa hannu ta ɗauki wayar tebur ta danna maɓallin. Ina jin ƙarar tana shiga. A talabijin na ga Yaya a kujerar Baba ya juya ya kalli wayar da ke kan teburinsa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga kai ya kalli kyamarar, ido cikin ido da mu. Bai ɗauka ba. Mma ba ta ajiye ba, tana riƙe da ita a kunne har mutumin ya gyara jakarsa ya bi titi ya fita daga hoton.